Mai, Zaɓe da Dokokin Abuja: Amsoshin Tambayoyin Masu Ƙananan Sana'o'i a Jos

A shagon mahaifina na tashi, nan kusa da Terminus, yau kuma sana'ata ita ce taya masu ƙananan sana'o'i riƙe littafin lissafi da cike takardun hukuma. Tela ne, mai shayi ne, mai injin markaɗe ce, ɗan gwari ne a Farin Gada, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma tun 2023 suka ƙaru. Na tattaro waɗanda aka fi yi mini, na amsa su yadda nake amsawa in muna zaune a benci a ƙofar shago. Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya san wace hukuma ce ke riƙe da wace igiya. Wanda bai sani ba sau biyu ake cutarsa: doka ta matse shi, sannan wani ya zo da sunan dokar ya karɓi abin da ba ta ce a karɓa ba.

Malam, ni ba ɗan siyasa ba ne, shagona kawai na sani. Ina ruwana da abin da ake yi a Abuja?

Da ruwanka, Alhaji, har da tsakinka. Ranar 29 ga Mayu 2023, a wurin rantsar da shi a Dandalin Eagle, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin gari ya waye gidajen mai da yawa sun rufe, layi ya miƙe. Bayan kwana biyu kamfanin NNPC ya mayar da lita Naira 537 a Abuja, alhali a baya ba ta kai 200 ba. A Yuli ta koma 617, a Satumbar 2024 ta kai 897, wata guda bayan haka ta zama 1,030. A tsakiyar Yunin 2023 kuma Babban Banki ya sakar wa Naira mara a kasuwar canji, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan Naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024.

Ba ka halarci taron da aka yanke waɗannan ba, amma kai ka biya. Jos gari ne da komai a mota yake zuwa masa. Fulawar mai burodi, atamfar da ke Terminus, kayan gyaran mota na Dilimi, siminti da kwanon rufi, duk a bayan tirela suke hawo dutsen nan. Haka dankalin Bokkos da Mangu da kabejinmu a mota suke sauka kudu. Duk Naira ɗaya da ta hau kan lita sai ta bi buhu ta shigo shagonka. Mai saye kuma albashinsa bai ninka uku ba, shi ya sa wanda ke sayen tiya ya koma rabi.

To wa ke yanke farashin mai yanzu? Kuma me ya sa namu ya fi na Legas tsada?

A takarda kasuwa ce ke yankewa. Dokar masana'antar mai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ita ce ta shimfiɗa hakan, sai dai gwamnatinsa ta ɗage aiwatar da ɓangaren tallafin har ta sauka. Dokar ta rushe tsofaffin hukumomi uku, wato DPR da PPPRA da asusun daidaita farashi na PEF, ta kafa sababbi biyu. Wadda ta shafe mu ita ce NMDPRA: ita ke ba gidan mai lasisi, ita ke duba ingancin mai da ma'aunin famfo, ita ke da ikon garƙame gidan da ya saɓa ƙa'ida.

Wancan asusu na PEF mutane ba su cika sanin amfaninsa ba sai da ya tafi. Shi ne ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa arewa domin farashin gwamnati ya zama kusan ɗaya a Legas da Jos da Maiduguri. Yanzu babu mai biyan wannan dako sai mai saye. Tanka za ta taso daga Legas ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, da man gas take tafiya, ga taya, ga lalacewar hanya, ga abin da direba ke saki a shingaye. Duk a kan litarka ake rabawa. Da matatar Kaduna na aiki, bututun da ya zo daffon Jos na kawo mai, da nisan ya ragu ƙwarai. Wannan ita ce tambayar da nake so in ji 'yan majalisarmu na tarayya suna nanatawa, domin su ne ke zama a kwamitocin da ke bin diddigin kuɗin gyaran matatu.

An ce matatar Dangote ta fara aiki. Ina sauƙin?

Ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, kuma babbar matata ce, an gina ta don tace ganga 650,000 a rana. Sauƙin da ta kawo na gaske ne ta wani ɓangare: dogayen layuka sun ragu, gasa tsakaninta da masu shigo da mai ta sa lita ta sauko ƙasa da dubu a 2025. Amma ɗanyen man da take tacewa da farashin duniya ake ƙiyasta shi. Ko a tsarin sayar mata da ɗanye da Naira, wanda aka fara a Oktoban 2024, farashin dala ake ɗauka a juya shi zuwa Naira. Muddin dala na sama, fetur ba zai koma inda ka san shi ba. Kuma matatar a Lekki take, ba ta matso kusa da Filato ko da taku ɗaya ba.

Akwai kuma ƙorafin da ake yi da mu kanmu, cewa mai ya sauka amma kaya sun ƙi sauka. Wani lokaci da dalili: kayan da ke shago da tsohon farashi aka saro su, manyan motoci kuma man gas suke sha, shi kuwa tun da daɗewa babu tallafi a kansa. Wani lokaci kuma son zuciya ne kawai. In sabon sari ya zo da sauƙi, ka sauke wa mutane. Wanda ya riga maƙwabtansa saukewa shi ke kwashe masu saye.

Gidan mai yana tauye mini lita. Ina zan kai ƙara?

Wurin NMDPRA. Ka riƙa karɓar rasit, ka rubuta sunan gidan da lambar famfo da rana. Jarkar da ka san ma'auninta ita ce shaidarka. Ƙarar mutum ɗaya takan kwanta a tebur, amma in ƙungiyar masu keke ko ta teloli ta rubuta da hatiminta, an fi saurin motsawa.

Ɗana yana so ya fara bumburutu a bakin titi. Laifi ne?

Sayar da fetur ba tare da lasisi ba laifi ne a doka, ko da kuwa ana kau da kai. Ni abin da ya fi tsorata ni ba kamu ba ne, wuta ce. Jarkoki goma a zaure ko bayan shago, kusa da mai suya ko mai walda, ba kasadar mutum ɗaya ba ce, ta unguwa ce gaba ɗaya. Mun ga Majiya a Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwalfar man tankar da ta faɗi, mun ga mahaɗar Dikko a Neja a Janairun 2025. Bayan waɗannan ne aka hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris 2025. Baba, ribar bumburutu ma a lokacin ƙarancin mai take. Yanzu da gidajen mai ke da kaya, ɗan abin da ke ciki bai kai ran yaro ba. Ka sa jarin a wani abu.

Janareto yana cinye mini riba. In koma sola, ko in jira wutar lantarki?

Kada ki yanke da ji, Hajiya, ki yanke da biro. Ki yi sati biyu kina rubuta litar da janareto ke sha kullum. A ce lita 4 ce a rana, a ce kina saye 900: Naira 3,600 ke nan, a kwana 26 na aiki ya zama 93,600 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Ki ninka sau 12, ki ajiye kusa da farashin sola da zai ɗauki kayanki. Mai cajin waya, mai aski, mai shagon magani da ƙaramin firij, tela mai keken wuta, yawancinsu lissafin yakan nuna sola ta fi. Mai walda da mai injin niƙa da mai ƙanƙara ba haka ba ne, kayansu na jan wuta da ƙarfi, batirin da zai ɗauke su ya fi ƙarfin jarinsu.

Game da lantarki, a Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin masu rukunin A daga kusan Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Sharaɗin rukunin shi ne wutar awa 20 a rana. Ki duba takardar kuɗin wutarki ko rasit ɗin mita ki ga rukunin da aka sa ki. In ana cajin ki kuɗin A ba kya samun awannin, kina da haƙƙin kai ƙorafi ga kamfanin rarraba wuta, in bai gyara ba ki wuce ga hukumar da ke sa masa ido. Ki kuma nemi mita, domin kuɗin ƙiyasi ba ya sanin ranar da kika rufe shago.

Masu keke da tasi kuma suna tambaya a kan juya inji zuwa iskar gas ta CNG. Ta fi fetur araha nesa ba kusa ba. Sai dai babban bututun iskar da ake shimfiɗawa daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano bai bi ta Jos ba. Kafin ka taɓa injinka, ka je da ƙafarka ka ga inda za ka riƙa ɗurawa, ka ga tsawon layinsa.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa. Yaya zan shirya shagona?

Nan zan ɗan daɗe, domin mu a Jos zaɓe ba labarin rediyo ba ne.

Abu na farko, ranar da aka sa ba lallai ita ce ranar da za a yi ba. A 2015 an ɗage zaɓe da mako shida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 cikin dare, saura 'yan awanni a buɗe rumfuna, INEC ta ɗage shi daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Mutane sun riga sun rufe shaguna sun tafi garuruwansu, masu abinci sun riga sun yi cefane. A 2023 ma an ɗage na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. Saboda haka kada ka lissafa asarar Asabar biyu kawai. Ka ɗauka wata guda da rabi ciniki zai yi sanyi, domin manyan diloli kan rage kawo kaya, wasu abokan kasuwancinmu 'yan kudu kan tafi gida, direbobin dogon zango kuma kan ajiye mota har sai an faɗi sakamako.

Na biyu, ranar zaɓe 'yan sanda kan hana zirga-zirgar ababen hawa, a 2023 daga tsakar dare zuwa ƙarfe 6 na yamma. Mai atamfa ba abin da zai same shi. Ɗan gwari kuwa, tumatir ba ya jiran INEC. Duk wanda kayansa ke ruɓewa ya rage sari tun Laraba, ya tabbata motar da ya yi wa lodi ta isa inda za ta kafin daren Juma'a.

Na uku shi ne wanda ba ma son faɗa. A Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya juye rikici, ɗaruruwan mutane suka rasu, shaguna da gidaje suka ƙone, Musulmi da Kirista kowa ya yi kuka. Da yawa cikin waɗanda suka rasa jari a lokacin ba su sake tashi ba. Tun daga nan mun sha ganin dokar hana fita ta awa 24, kamar a Agustan 2021 da kuma lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024. Muna roƙon Allah kada a maimaita, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tara dukan kayanka a wuri ɗaya. Ka ɗauki hoton littafin bashinka da takardun shago da waya, ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Ka rage bayar da bashi wata guda kafin zaɓe, ka matsa wajen karɓar na baya. Ka ajiye abincin kwana bakwai a gida.

Sannan maƙwabcin shagonka, ko wane addini yake yi, ka karɓi lambarsa ka ba shi taka. Na san shagunan da suka tsira saboda maƙwabci ya tsaya a ƙofa ya ce ba za a taɓa ba. Babu kamfanin inshorar da ke sayar da wannan.

Wahalar takardun kuɗi ta 2023 za ta iya dawowa?

Ikon yin hakan yana nan a hannun Babban Banki da shugaban ƙasa, don haka darasin bai tsufa ba. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffi za su daina aiki 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, saura kwana 15 zaɓen shugaban ƙasa. An karɓe tsofaffin, sababbin ba su wadata ba. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki.

Wa ya fi shan wuya? Ba mai babban kanti ba. Matar da ta kawo buhun dankali daga ƙauye ba ta da asusu, ta karyar da shi rabin kuɗi ga duk mai tsaba a hannu. Mai ƙosai da mai rake sun wuni ba ciniki. Tun daga lokacin nake gaya wa kowa ya buɗe asusu biyu a wurare daban-daban, ɗaya na sana'a zalla, ya kuma daina sakin kaya don an nuna masa hoton taransifa. Sai kuɗi sun faɗo a naka asusun, ka gani da idonka.

Masu POS su ma su sani dokokinsu sun ƙaru. An wajabta musu rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tun 2024, kuma a Disamban shekarar Babban Banki ya taƙaita abin da za su ba mutum ɗaya a rana zuwa Naira 100,000.

Ɗan takara ya ba ni aikin huluna da riguna na kamfen. In karɓa?

Ka karɓa, halal ne, kuma ga teloli da masu buga fosta da masu hayar kujeru da masu abinci wannan ce kakarsu. Amma da sharaɗi: kuɗin kaya gaba ɗaya a hannu kafin ka yanka yadi, ragowar kuma ranar da za a ɗauka. Akwai wani tela da nake yi wa lissafi, ya ci bashin yadi ya ɗinka wa wani ɗan takara riguna ɗari biyar a kan alkawarin bayan zaɓe. Mutumin ya faɗi, wayarsa ta daina shiga. Telan ya sayar da kekuna biyu ya biya mai yadi. Wanda ya ci ma ba shi da tabbas, domin ranar da aka rantsar da shi ƙofarsa ke samun masu gadi. In suka ce ba ka yarda da Oga ba ne, ka ce ka yarda, mai yadi ne bai yarda ba.

Fostar jam'iyya kuma kada ka bari a manna a ƙofar shagonka. Mai saye ba shi da jam'iyya, kuma in rana ta ɓaci fostar ce ke nuna wa ɓata-gari ƙofa. Ƙuri'arka taka ce, ka je ka jefa ta a ɓoye. Sayar da ita laifi ne a dokar zaɓe ga mai bayarwa da mai karɓa, ban da cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

In na yi rajista da CAC ba na kai kaina ga masu haraji ba?

Masu haraji sun san ƙofar shagonka tun kafin CAC ta san sunanka. Abin da rashin rajista ke hana ka shi ne asusun banki da sunan sana'a, da bashin Bankin Masana'antu, da kwangilar kai kaya makaranta ko otal. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abubuwa: mutum ɗaya na iya kafa kamfani, ƙaramin kamfani kuma ba dole ya ɗauki sakatare ko mai binciken kuɗi ba. Yawancin masu shago rajistar sunan kasuwanci ta ishe su, kuma ta intanet ake yi. Abin da mutane ke mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar. In ka bari ya taru, tara ce ke jiran ka ranar da kake gaggawar neman takarda.

Mai fiya wata, mai gidan burodi, mai yogot ko man shafawa na kwalba, shi bayan CAC akwai rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Sabuwar dokar haraji fa? An ce za a riƙa cire kuɗi daga asusunmu.

Wannan jita-jita ta sa wasu sun kwashe kuɗinsu sun kai gida, abin da ya fi haɗari. Ga yadda abin yake. Ranar 26 ga Yunin 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokokin haraji huɗu da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, manyan biyun suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar harajin tarayya ta FIRS kuma ta koma NRS. Haraji a kan riba da abin da mutum ya samu yake, ba a kan kuɗin da ke kwance a asusu ba. Abin da ake cirewa kai tsaye shi ne Naira 50 a kan taransifar da ta kai 10,000 ko fiye.

Ga mai sana'ar kansa, Naira 800,000 na farko na abin da ya samu a shekara babu haraji a kansu, abin da ya hau kai har zuwa miliyan 3 ana ɗaukar kashi 15 cikin 100. Wannan hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Filato ake biya, ba Abuja ba. Ƙananan kamfanoni kuma tun dokar kuɗi ta 2019 aka yafe wa masu cinikin ƙasa da miliyan 25 a shekara harajin kamfani, sabuwar dokar ta ɗaga wannan iyaka sama. VAT yana nan a kashi 7.5 da aka mayar da shi a Fabrairun 2020, kayan abinci na yau da kullum kuma ba a ɗora musu.

Ga inda littafi ke ceton mutum. A ce miliyan 20 ta ratsa asusunka a shekara, miliyan 18 da rabi kuɗin sari ne da haya da mai da ladan yara. Ribarka miliyan ɗaya da rabi ce. In ba ka da rasit da littafin da zai nuna haka, jami'i zai yi maka ƙiyasi, kuma ƙiyasi bai taɓa fifita ɗan kasuwa ba. Littafin makaranta mai fallaye 80 ya isa: shiga a hagu, fita a dama, kullum kafin ka rufe.

Akwai kuma ƙarin kashi 5 a kan man fetur da man gas da ke cikin dokar. Ba ya fara aiki sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance, kuma bai shafi kananzir da gas ɗin girki da CNG ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa masa ido.

Kullum da mai zuwa da rasit: yau na shara, gobe na allo, jibi na shago. Wanne ne na gaskiya?

Nan ne ake cin mutane da sunan Abuja. Kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna da allunan talla da kwashe shara. Harajin mutum da rajistar wurin kasuwanci na jiha ne. Harajin kamfani da VAT na tarayya ne. Don haka duk wanda ya shigo rumfarka a Katako ya ce gwamnatin tarayya ce ta aiko shi karɓar kuɗin shago, ka tambaye shi katin aiki da takardar neman biya mai sunanka. Ka nemi biya ta banki ko asusun hukuma, ba a tafin hannu ba. Dokar jerin haraji ta 1998 ma ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma duk mai dakon dankali zuwa kudu ya san shingaye nawa yake wucewa.

Kada ka yi dambe da su kai kaɗai. Ka kai kwafin rasit ɗin ga shugabannin kasuwa su je su tantance. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuna da ƙarin hujjar tambayar ciyaman: ga kuɗin Abuja, ga na rumfunanmu, ina magudanar ruwa, ina banɗaki, ina motar kashe gobara?

Dole in biya yaran shagona mafi ƙarancin albashi na 70,000?

Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta tsayar da Naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A doka ba a kama ka ba. Sai dai yaron nan kuɗin keken da yake biya daga Rikkos ko Bukuru ya ninka. In ba za ka iya ƙara albashi ba, ka ɗauke masa kuɗin mota ko abincin rana. Yaron da ke wuni da yunwa kusa da akwatin kuɗi ba ka yi masa adalci ba, ba ka yi wa kanka ba.

Tallafin gwamnati da ake ta sanarwa gaskiya ne?

Wasu gaskiya ne. An raba Naira 10,000 na TraderMoni a kasuwanni daga 2018, daf da zaɓen 2019, an kuma raba 50,000 ga ƙananan masu sana'a a 2024. In ya zo ka karɓa, dukiyar ƙasa ce, ba ta wajabta maka zaɓen kowa ba. Amma duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne. Ka tabbatar a ofishin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ko Bankin Masana'antu.

In 'yan takara suka shigo kasuwa, me za mu tambaye su?

Kowa a tambaye shi abin da ke hannunsa. Ɗan takarar kansila da ya yi maka alkawarin sauke farashin fetur ya raina maka hankali. Mai neman sanata ko majalisar wakilai, shi za a tambaya matatar Kaduna da daffon Jos, da hanyar Akwanga da ta Saminaka da kayanmu ke bi, da ƙarin kashi 5 ɗin nan na mai. Ciyaman a tambaye shi rasit nawa ne halal a kasuwa, ya rubuta jerinsu a manna a bakin ƙofa kowa ya gani. A sa su faɗa a gaban shugabannin ƙungiya, a naɗa a waya.

Mai neman gwamna kuwa tambayarsa ɗaya ce tak kafin sauran. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002. Yaran da aka haifa a shekarar yau suna da nasu 'ya'yan. Gwamnoni sun zo sun wuce, an yi zane, an yi taron manema labarai, a 2022 an yi maganar yarjejeniya da bankin Jaiz ta tsaya a taƙaddama. Mutanen da ke da rumfa a ciki wasu sun rasu, wasu na kasa kaya a gefen titin Ahmadu Bello, ana korarsu yau su dawo gobe. A tambaye shi yaushe, da kuɗin wa, rumfa nawa, nawa ne hayar kowace, kuma waɗanda har yanzu ke ajiye da takardun tsofaffin rumfunansu a ƙasan akwati, a wane layi za su tsaya.